Kafin Ka Kwashi Lasifikunka Zuwa Alaba

Shiga falon 'yan uwanmu da yawa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, tsarin kusan ɗaya za ka tarar. Talabijin na manne a bango, a ƙasanta kanta ce mai ɗauke da dikoda da amfilifaya, lasifiku biyu kuma suna maƙale da kantar, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bayansu ya jingina da bango. Ƙasa tayil, sama silin mai sulɓi, doguwar kujera ta haɗe da bangon baya. A kunna waƙar gargajiya, kalangu ya koma dum-dum kamar ana dukan garwa, muryar mawaƙi ta nutse a ciki. Maigida ya ƙara murya, abin ya ƙara dagulewa, sai ya yanke cewa lasifikun sun tsufa, ranar Asabar zai leƙa kasuwar Alaba ya sayo manya.

A ganina wannan hukunci ya yi sauri. Idan ka kawo sababbi ka ajiye su a wurin da tsofaffin suke, kan waya iri ɗaya, cikin ɗaki iri ɗaya, matsalar da ka gudu ita za ka sake ji, sai dai da ƙarfi. Abin da ke isowa kunnenka a falo haɗin gwiwa ne tsakanin lasifika da bango da ƙasa da wurin zamanka, kuma yawancin gyaran ba ya cin ko kwabo.

Ka fara da zaɓen abubuwa uku da kunnenka ya haddace: muryar mutum ɗaya tsantsa, kamar karatun Alƙur'ani ko mai karanta labarai, kiɗa mai ganga ko kalangu, da wani abu mai tsini kamar kukuma ko goge. Da su za ka riƙa gwaji, a kan ma'aunin murya ɗaya, kuma abu ɗaya za ka canja kowane lokaci. Wanda ya taɓa abu biyar a tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Gwajin farko na minti biyu ne. Duba bayan amfilifaya da bayan kowace lasifika, ka tabbata wayar da ta fito daga jan baki ta shiga jan baki, ta baƙi ta shiga baƙi. Idan aka juya ta a gefe ɗaya kawai, takardar wannan lasifika, wato faifan gabanta da ke motsi, za ta riƙa turowa waje a daidai lokacin da ta ɗayar ke komawa ciki, sai ƙasan sauti, wato bes, ya cinye kansa. Alamarta a bayyane take: muryar mai karatu ba ta tsaya a tsakiya ba, tana yawo kamar daga bayan kunne, kuma bes ya fi ƙarfi idan ka karkatar da sauti zuwa gefe ɗaya. In wayar ba ta da alama, cire ta daga amfilifaya, ka taɓa bakunanta biyu da ƙaramin batir mai volt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan kana kallon babbar takardar. Idan ta turo waje, wayar da ke kan tsinin batirin ita ce ta jan baki. Ɗaura mata salatif don kada a sake rikicewa.

Daga nan sai wurin ajiya, kuma nan ne ya fi cancanta mutum ya ɓata yammacin Lahadi guda.

Lasifiku biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu: nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kunnenka. In suna da mita 2 a tsakani, kai ma ka zauna mita 2 daga kowace. Kada ka auna da ido, ɗauki tef ɗin kafinta ko igiya, domin bambancin santimita 10 ma yana ja da muryar zuwa gefen da ya fi kusa. Ƙaramar lasifikar sama, wadda masu gyara ke ce wa tuwita, ta zo daidai tsayin kunnenka a zaune, wajen santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa. Sauti mai tsini yana tafiya ne kai tsaye kamar hasken tocila, ba ya bazuwa kamar bes. Shi ya sa ƙaramar lasifika da aka ajiye a ƙasa take yi wa gwiwoyinka waƙa, wadda aka rataye kusa da silin kuma take wuce ka ta sama. In dole a rataye ta, a sunkuyar da fuskarta ta kalli wurin zama. Sannan ka ɗan karkato kowace ciki har fuskarta ta nufi kafaɗarka. Ka saurari mai karatu: idan muryarsa ta dunƙule a tsakiya, kamar daga cikin talabijin take fitowa alhali babu lasifika a can, ka samu. Idan sautin ya yi maka kaifi da yawa, ka buɗe su kaɗan.

Maganar bango ita ce mutane suka fi kuskurewa. Bes yana fita ta kowane gefe na akwatin, ya bugi bangon da ke bayan lasifikar ya dawo. Lasifikar da ke jingine da bango tana samun ƙarin bes, wadda ke kusurwa tana samun ninkin ƙari domin bango biyu da ƙasa sun taru a kanta. Wannan ƙari ne ke zama ruri mai rufe murya. Janye su daga kusurwa tukuna. Idan akwatin yana da rami a bayansa, ramin numfashin bes ke nan, yana bukatar akalla santimita 20 zuwa 30 tsakaninsa da bango. In ɗaki ya matse ba halin janyewa, cusa tsohuwar safa ko guntun soso a ramin, ba da ƙarfi ba. Bes zai ragu amma zai tsaya da ƙafarsa, dukan ganga ya rabu da na bayansa.

Akwai lissafi mai sauƙi a nan. Sauti yana tafiyar kusan mita 345 a daƙiƙa a irin zafin Legas. Sautin da ya dawo daga bangon da ke bayan lasifika yana kashe wani zango na bes, kuma za ka san zangon idan ka raba 345 da ninki huɗu na nisan fuskar lasifika daga bangon. Nisan mita 1 yana haƙa rami a wajen Hz 86 (Hz shi ne yawan karkarwar sauti a daƙiƙa), daidai inda nauyin ganga yake. Nisan rabin mita yana mayar da ramin wajen Hz 172, inda bai cika ɓata kiɗa ba. Saboda haka a ƙaramin falo, fuskar lasifika a santimita 40 zuwa 55 daga bango ta fi zama lafiya a kan mita ɗaya cif. Abin kiyayewa na biyu: nisanta daga bangon da ke bayanta kada ya yi daidai da nisanta daga bangon gefe, in ba haka ba ramuka biyu za su faɗa wuri ɗaya. Ka riƙa matsarwa santimita biyar-biyar kana sauraro, inda ya yi maka ka sa alamar salatif a tayil, domin ranar shara za a ture su.

Shi kansa ɗakin yana da muryarsa. Ɗakin ƙafa 12 sau 12, wanda ya cika gidajen haya a Legas, kowane gefensa mita 3.66 ne. Raba 345 da ninki biyu na wannan tsawo, za ka samu wajen Hz 47, sai ninkinsa 94. Waɗannan zangogi ɗakin yana kumbura su da kansa, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin sau biyu yake zuwa. Ya fi taruwa a jikin bango da kusurwoyi, a tsakiyar ɗaki cif kuma na Hz 47 ɗin kusan ɓacewa yake yi. To ka ga mai zama a doguwar kujerar da ke manne da bangon baya yana cikin rurin tsundum, wanda ya ja kujera tsakiyar ɗaki kuma yana cewa bes ya gudu. Dukansu gaskiya suka faɗa. Masu aikin ɗakin ɗaukar sauti sukan fara gwaji daga kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki, wanda a irin wannan falo yake nufin kai ya kasance wajen mita 1.4 daga bangon baya. Da lasifiku a rabin mita daga bangon gaba, mita 2 a tsakaninsu, duwatsun murhun nan sun zauna daidai. Ba kowane gida ne zai iya barin doguwar kujera a nan ba, ga yara ga baƙi ga wurin shimfiɗa sallaya. Ka ja ta ko da santimita 40 ne, ko ka tanadi kujerar roba ɗaya da za ka ajiye a kan alamar lokacin da kake son sauraro na nutsuwa.

Masu hom tiyata mai akwatin bes daban, wanda ake kira wufa, suna da dabara mai kyau. Ɗora akwatin a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai bes, ka durƙusa kana bin gefen bango da kunne. Inda ka ji bes ya fito sumul, ba ruri ba rami, nan ne mazauninsa. Ƙananan lasifiku biyar ɗin kuma a daina jera su a kan kanta ɗaya: biyu na baya wurinsu gefen mai zama ne ko ɗan bayansa.

Yanzu tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani "tirrr" mai ƙarfe-ƙarfe ya biyo baya, sauti ne ke kai da komo tsakanin bangaye biyu masu tauri. Bulo da siminti da tayil da gilashin taga ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi, shi ya sa magana take cakuɗewa. Kafet mai kauri tsakanin lasifiku da kujera shi ne magani na farko, musamman in an sa soso a ƙarƙashinsa. Labule mai nauyi, wanda faɗin yadinsa ya ninka faɗin tagar don ya yi tattara, shi ne na biyu. Na uku yana bukatar mataimaki da madubi. Ka zauna a wurinka, yaro ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke fara karo ya iso gare ka a makare. Kafin ka kashe kuɗi, jingina katifa ko matasan kujera a wurin ka saurara. In ka ji murya ta washe, sai ka kira kafinta ya haɗa firam na katako mai santimita 60 sau 120, zurfin santimita 5 zuwa 10, a cika shi da audugar dutse ko ta gilashi irin wadda ake sa wa rufin gini, a rufe da yadin da iska ke ratsawa idan ka hura. A sa safar hannu da takunkumi wajen yankan audugar, tana sa ƙaiƙayi. A bar tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakanin firam da bango: yana ƙara masa aiki, kuma yana hana fumfuna kamawa da damina.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya wannan aiki. Siriri ne, bes ratsa shi yake yi kamar babu, ga tara kyankyasai da haɗarin gobara.

Wani abin da ake ɗora wa lasifika laifinsa shi ne karkarwar kayan ɗaki. Kunna bes, ka zaga kana ɗora tafin hannu a kan kabad ɗin tangaran na uwargida, gilashin taga mai zamewa, ƙofar kanta, firam ɗin hoto. Inda ƙarar ta tsaya da ka taɓa, nan ɓarawon yake. Guntun roba ko soso a tsakani ya wadatar. Lasifikar da ke kan kanta a janyo ta har fuskarta ta zo bakin katako, a sa mata roba huɗu a ƙasa, ko yankan tsohon silifas. Wannan yana rage bes ɗin da ke bin ƙasa da bango zuwa ɗakin maƙwabci, abin da duk mazaunin gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska ya san darajarsa.

Waya ba ta bukatar tsada, tana bukatar kauri da jan ƙarfe na gaskiya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar waya, wato yadda take tare wuta, kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na turjiyar lasifika, wadda ake aunawa da ohm: ohm 0.4 ga mai ohm 8, ohm 0.2 ga mai ohm 4. Siririyar ja da baƙin nan mai kaurin mm² 0.5, idan ta yi mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, turjiyarta ta kai wajen ohm 0.7. In kuma alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, irin da ta cika kasuwa, ta haura ohm 1, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin amfilifaya yana ƙarewa a hanya idan lasifikar mai ohm 4 ce. Gane ta ba wuya: kankare silin wayar da reza, in fari ya bayyana alminiyam ce, ko ka kanga mata ashana, za ta lanƙwashe ta marmashe, jan ƙarfe kuwa baƙi kawai yake yi. Wayar wuta ta gida mai laushi, mai kaurin 1.5, ta isa har mita 5 ko 6. Fiye da haka a ɗauki 2.5. Araha ba ta ado, amma a nan tsadar ma ba ta ƙara komai.

Iskar Legas kuma tana da nata aikin. Danshi da gishirin teku suna sa bakin waya ya yi kore, bakunan jona su dushe. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, yanke santimita 2 daga kowane baki, fere sabo, murɗe silin sosai kada ko ɗaya ya fita ya taɓa maƙwabcinsa, domin sili ɗaya ya isa ya ƙona amfilifaya. Goge bakunan jona da auduga da sifirit. Maɓallin murya mai ƙarar "ƙwar-ƙwar", ko gefe ɗaya da ke ɗaukewa sai an bubbuga, datti ne: cire fulogi, fesa man wanke maɓallan lantarki da masu gyara ke amfani da shi, juya maɓallin sau ashirin ko talatin, bar shi ya bushe. Kada a sa man keke ko na inji. Cire ragar gaban lasifika ka duba zoben da ya kewaye takardar. In na soso ne, zafi da danshi suna ruɓar da shi har ya riƙa marmashewa a yatsa, bes ya koma "far-far". Ana canja zoben kaɗai da gam, takarda da maganaɗisu suna nan yadda suke. Ƙusoshin da suka riƙe ta da akwatin ma a ɗan ƙara ɗaure su, gicciye, ba tare da an tsananta ba.

Sai abin da ake ciyar da na'urar. Waƙar da aka cire daga bidiyo, aka matse, ta bi hannu goma kafin ta iso katin wayarka, babu amfilifayar da za ta dawo mata da abin da aka yanke. Fayil ɗin MP3 mai kbps 128 yana cin kusan MB 1 a minti, mai 320 yana cin 2.4, duba girman fayil ka san me ka riƙe. A manhajojin sauraro irin su Spotify, Boomplay da Audiomack, shiga saiti ka ɗaga inganci, ka sauke waƙoƙin lokacin da data ke da sauƙi. In da Bluetooth kake haɗawa, ɗaga muryar wayar hannu zuwa kashi 80 ko 90, ka riƙa sarrafawa daga amfilifaya. Akasin haka shi ke kawo "shiii" a bayan kiɗa. Sautin talabijin kuma gara a fitar da shi ta ƙofar haske, wadda aka rubuta wa Optical, a zaɓi PCM a saitin sautin talabijin, in ba haka ba ƙaramin akwatin da ke juya shi ya miƙa wa amfilifaya zai yi shiru ko ya yi ƙara.

Maɓallan bes da na tsini a mayar da su tsakiya, a kashe duk wani maɓallin ƙarin bes, sannan a saurara kwana biyu kafin a yanke hukunci. Ƙarin dB 3 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) yana neman ninki biyu na ƙarfin amfilifaya, dB 6 ninki huɗu, dB 10 ninki goma. Wanda ya murɗe bes har ƙarshe ya tura amfilifaya inda ba ta iya kaiwa, sai ta fara yanke kan sauti, kuma wannan yankakken sauti shi ke ƙona tuwita. Da ka ji murya ta fara tsagewa, sauko. In wani zango ya dame ka, rage shi ya fi ƙara sauran. Kada kuma a jona lasifiku biyu a baki ɗaya ba lissafi: biyu masu ohm 8 sun zama 4, biyu masu 6 sun zama 3, amfilifaya ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa. Ka bar mata sarari kamar santimita 10 a sama, kada a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da kyalle.

Ruwa ba ya tsami banza, gurnanin "huuum" ma haka. Wutarmu volt 230 ce mai Hz 50, kuma ita ce kake ji. Cire duk abin da ke shiga amfilifaya ka bar lasifiku kawai. In gurnanin ya tafi, mayar da su ɗaya-ɗaya. Sau da yawa wayar dish da ke shiga dikoda ce ke kawo shi. Maganinsa a jona dukkan na'urorin a soket ɗaya, a raba wayoyin sauti da na wuta, ko a koma wayar haske wadda ba ta ɗaukar lantarki. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe gurnani, ita ce ke tsare rai ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfe. Idan wuta ta yi ƙasa zuwa volt 180, amfilifaya mai tiransifoma tana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta, shi ya sa sautin dare yake tsagewa a inda na safe bai tsage ba. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa tana gyara wannan. Inbata mai arha wadda wutarta ba sumul ba ce tana sa tiransifoma kuka. Kafin a juya daga Nepa zuwa janareta a kashe amfilifaya, kuma kullum ita ce ta ƙarshen kunnawa, ta farkon kashewa.

In kuwa gurnanin yana nan bayan an cire komai, matsalar tana ciki, galibi manyan kafasita, gwangwanayen da ke tara wuta a cikin amfilifaya, ne suka bushe. Zafi ne ke cinye su, kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Wannan aikin mai gyara ne, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. Ka ce masa ya sa masu ƙima ɗaya da na asali, volt ɗinsu daidai ko sama, masu jure digiri 105 maimakon 85. Ka kuma roƙe shi ya ɗora mitarsa a bakin da ake jona lasifika a jikin amfilifaya, murya a ƙasa, ba kiɗa, ya auna wutar DC a gabanka: ƙasa da milivolt 50 lafiya lau, in ta haura 100 a gyara kafin a sake jona lasifikun.